Kiɗan Rakiyar Sarakunan Ingila Ranar Naɗi

 Ku sani zancenmu na yau a kan wani irin kiɗa ne na mutanen Ingila, wanda gwanayensu ke tsarawa musamman domin ranar da za a ɗora wa sarkinsu kambi. Maci suke kiransa, watau kiɗan tafiya, amma ya bambanta da macin 'yan badujala wanda muka saba ji a filin faretin soja. Da yawa cikinmu sun taɓa cin karo da shi a rediyo ko a talabijin, suka ji ƙahoni da tambura sun cika musu kunne, suka ce hayaniya ce irin ta masu mulki, suka murɗa akwatin gaba. To, a ganinmu an yi gaggawar yanke hukunci. Kwarjinin kiɗan nan a cikin natsuwarsa yake, ƙarar kuwa zagi ce kawai mai share mata hanya. Wanda ya gane inda aka ɓoye natsuwar nan, da yadda ake fito da ita, ya riƙe mabuɗin abin duka.

Aikin da aka yi shi dominsa

Kowane kaya sai an san aikinsa kana a san darajarsa. Tun shekarar 1066, sa'ad da aka naɗa Sarki Wilyam mutumin Nomandi, a Majami'ar Wesminista ta birnin Landan ake naɗa sarakunan Ingila. Bisa al'adarsu babban limamin Kirista na Kantabari shi ke shafa wa sarki mai, ya miƙa masa kayan sarauta ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ɗora masa kambi. Tsakiyar bikin nan ibadarsu ce, abin da ake ji a cikinta kuwa waƙoƙin coci ne da muryoyin mutane, kamar waƙar da Handel ya tsara a 1727 domin Sarki Joji na 2, wadda tun daga ran nan ba a yi naɗi an bar ta ba. Maci ba ya shiga wannan wuri. Muhallinsa biyu ne: kafin a soma, lokacin da manyan baƙi da 'yan gidan sarauta ke shigowa jeri jeri, da kuma bayan an ƙare, lokacin da sabon sarki zai tako daga ƙuryar majami'a zuwa babbar ƙofar yamma ya bayyana ga jama'a.

Ku dubi halin wannan mai tafiya. Kambin da ake naɗi da shi, wanda aka ƙera a 1661, nauyinsa ya haura kilo 2. Wanda ake sake masa domin fitowa ya fi sauƙi, amma shi ma ya ɗara kilo 1. A hannun dama yana riƙe da sandar mulki, a hagu da dunƙulen zinariya mai gicciye a bisa, ga doguwar alkyabba tana jan ƙasa a baya. Ran naɗin Sarauniya Elizabet ta 2 a 1953, 'yan mata 6 ne suka ɗauki jelar alkyabbarta. Ita da kanta ta faɗa a wata hira a 2018 cewa mai sanye da kambi ba shi da ikon sunkuyar da kai ko don ya duba takarda, in ya sunkuya wuya ya sha wuya, kambi kuma ya faɗi. Mutum mai irin wannan kaya ba ya sauri, tafiyarsa tilas ta zama ta ƙasaita.

A gefe guda kuwa ga taro. A naɗin 1953 mutum fiye da 8,000 aka cusa cikin majami'ar, an zaunar da su tun da sassafe, sun yi sa'o'i suna jira, zukatansu na tsalle. Ga dawaki da sojoji a waje, ga jama'ar gari sun kwana a bakin titi. Ashe mai tsara maci bayi biyu ne a wuyansa: zumuɗin taro da natsuwar sarki. Dole ya ba kowanne haƙƙinsa cikin kiɗa guda wanda bai wuce minti 6 zuwa 10 ba. Daga wannan larura ce siffar kiɗan ta fito.

Makaɗan da kayan aikinsu

Ba mutum biyar ko goma ke yin wannan kiɗa ba. Cikakkiyar ƙungiya takan kai mutum 70 har zuwa 100, a zaune, kowa da takarda a gabansa. Fiye da rabinsu masu goge ne, gogen kuwa girma huɗu ne, daga ƙarami mai siririyar murya wanda ake dafewa da haɓa, har zuwa babba wanda ya kai tsawon mutum, mai murya kamar rugugin hadari daga nesa. Bayansu akwai masu sarewa da masu wasu abubuwan busa 'yan'uwan algaita. Bayan waɗannan sai masu ƙahonin tagulla, gajeru da dogaye da naɗaɗɗu. Can ƙurya ga masu tambura na tagulla da ganguna da faya-fayan ƙarfe da ake gwarawa. A majami'a kuma ana ƙara musu wani ƙaton abin busa da ke gine a jikin ɗakin, mai bututu dubbai, ana kiransa ogan, mutum ɗaya ke sarrafa shi da yatsu da ƙafafu, in ya buɗe shi duka har daɓe sai ya yi rawa. Gaban kowa madugu ke tsaye da 'yar sanda, shi ke nuna sauri da sassauci, da wanda zai shiga da wanda zai yi shiru.

A fadojinmu take gado ne, masu tambari da kakaki da algaita sun karɓe shi daga iyayensu da ka, sarki ya wuce wani ya hau, take yana nan. Su kuwa can kiɗa a rubuce yake, bisa layuka biyar biyar da ɗige-ɗige, kowane makaɗi da nasa rabo, kuma an san sunan wanda ya wallafa da shekarar da ya wallafa. Saboda haka ake iya biyan gwani a ce ya yi wa sabon sarki sabon maci, kamar yadda ake ba maɗinki aikin rigar naɗi. Saboda haka kuma muke iya jin macin da aka yi shekara ɗari da suka wuce kamar yadda mai shi ya ajiye shi, ba ragi ba ƙari.

Ginin maci: kari biyu

Ga asirin ginin, ku riƙe shi da kyau. Kowane ɗaya daga manyan macin nan kari biyu ne aka haɗa. Na farko mai sauri ne, gutsi-gutsi, da bugu mai kaifi, kusan daidai da takin soja wanda yakan kai 120 a minti. Wannan shi ne taro, shi ne kofatan dawaki da walƙiyar takubba. Ana cikin haka sai ƙarar ta lafa kamar an yi ruwa an ɗauke, sai wani kari na biyu ya shigo, dogo, mai faɗi, mai jan numfashi, a bakin goge da sarewa, murya ƙasa ƙasa, har mai saurare ya miƙa kunne. Wannan shi ne sarki. Bugun da ke ƙarƙashi bai tsaya ba, amma kari na tafiya a bisansa sannu sannu, kamar mahayi mai natsuwa a kan doki mai zumuɗi.

Sa'an nan karin farko ya komo da hayaniyarsa, ya yi ta hawa yana tara ƙarfi. In ya kai maƙura, sai karin nan mai natsuwa ya sake bayyana, amma yanzu da dukan ƙahoni da tambura da ogan a bayansa. Ba a sake masa ko ɗigo ba, abin da aka raɗa da fari shi ne ake shela da shi a ƙarshe. 'Yan kasuwa sun san wannan dabara. Mai hankali ba ya warware mafi kyawun shaddarsa da zuwan mai ciniki. Sai ya ɗaga gefenta kaɗan ido ya gani, ya mayar, ya nuna waɗansu, in rai ya biya sa'an nan ya warware ta duka a rana.

Akwai wata hikima kuma wadda kunne ke ji ko da mai shi bai san sunanta ba. Kiɗan Turawa kowanne yana da wata murya wadda take kamar gidansa, daga ita yake tashi, gare ta yake komawa. To, a karon farko ba a sa karin mai natsuwa a gidan ba, a wata murya maƙwabciya ake sauke shi kamar baƙo. Sai a karo na ƙarshe ake shigo da shi gida ya zauna a mazaunin maigida. Shi ya sa mai saurare ke jin zuciyarsa ta kwanta a daidai wurin nan, kamar matafiyi da ya hango ganuwar garinsu. Abin da naɗi ke nufi ke nan: ɗan sarki ya shiga majami'a yana ɗaya daga cikin mutane, ya fito yana mai gida.

Elgar, ɗan mai kanti

Wanda ya kafa wannan gini har ya zama abin koyi shi ne Edward Elgar. An haife shi a 1857 a wani ƙauye kusa da garin Wusta. Ubansa mai kantin kayan kiɗa ne, yana kuma yawon gyaran fiyano a gidajen masu hali. Yaron bai shiga babbar makarantar kiɗa ba, a cikin kantin nan ya koya wa kansa daga littattafan da ake sayarwa, bai kuwa yi suna sosai ba sai da ya haura shekara 40. A 1901 ya fito da na farko cikin jerin macinsa da ya sa wa suna Pomp and Circumstance, watau alfarma da ƙasaita. Ba don naɗi ya yi shi ba, amma shi ne uban dukan macin naɗin da suka biyo baya. An fara kaɗa shi a Libaful cikin watan Oktoba na shekarar. Bayan 'yan kwanaki aka kawo shi Landan a hannun madugu Henry Wood, jama'a suka miƙe tsaye suna sowa, suka ƙi bari a ci gaba sai da aka kaɗa shi sau uku. Abin da ya tashe su tsaye kuwa shi ne karin nan mai natsuwa na tsakiya.

A shekara mai bi aka shirya naɗin Sarki Edward na 7 ran 26 ga Yuni, 1902. Saura kwana biyu ciwon ciki ya kwantar da shi har aka yi masa aiki, aka ɗaga biki zuwa 9 ga Agusta. Gwanaye da yawa sun yi maci domin wannan naɗi, har gasa aka sa wani mai suna Percy Godfrey ya ci, har Saint-Saëns na Faransa ya aiko da nasa. Yau da wuya ka ji ɗayansu. Elgar kuwa ya ɗauko karin nan nasa ya sa a ƙarshen wata doguwar waƙar yabo da ya tsara domin naɗin, wani marubuci A. C. Benson ya yi masa baituka. Karin ya fita daga hannun mai shi ya shiga duniya. Tun daga 1905, da Jami'ar Yel ta Amurka ta karrama Elgar aka kaɗa shi a wurin, ya zama kiɗan da ɗaliban Amurka ke takawa da shi ran saukar karatu, ƙasar da ba ta da sarki ma sam.

Macin da Elgar ya yi domin naɗi tsantsa shi ne na Sarki Joji na 5, ran 22 ga Yuni, 1911. Wanda ya saurare shi zai yi mamaki. Maimakon ya buɗe da murna, sai ya buɗe da nauyi da duhu, goge na ja kamar ana rakiyar gawa, sai daga baya haske ke shigowa. Shekara guda ke nan da rasuwar Sarki Edward wanda Elgar ke ƙauna, shi kansa mai kiɗan bai ma halarci bikin ba, ko da yake a shekarar aka ba shi ɗaya daga manyan lambobin girma na ƙasar. Ba mu ce ya san gaibu ba. Amma bayan shekara 3 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, kafin ƙarshen 1918 kuwa Sarkin Rasha da Sarkin Jamus, dukansu 'yan'uwan Sarki Joji na jini, sun rasa gadajensu. Macin nan bai yi farin jinin sauran ba, amma ya fi su faɗin gaskiya a kan nauyin da ke cikin rawani.

Walton da macinsa biyu

Elgar ya rasu a 1934. Da Sarki Joji na 5 ya rasu a farkon 1936, aka sa ranar 12 ga Mayu, 1937 domin naɗin babban ɗansa Edward na 8. Kafin ranar ta zo sai ya yi murabus cikin Disamba na 1936 saboda matar da ya nace zai aura, ƙanensa Joji na 6 ya gaji sarautar, ya gaji ranar. Gidan rediyon BBC ya nemi sabon maci, ya ba William Walton aikin. Shi Walton an haife shi a 1902 a garin Oldham, ɗan mai koyar da waƙa ne, ya tashi cikin yara mawaƙan coci a Oksfod, lokacin nan kuwa an san shi da kiɗan zamani mai kaifi wanda dattawa ke yamutsa wa fuska. Cikin ɗan lokaci kaɗan ya gama, ya sa masa suna Crown Imperial, watau kambin daula. Madugu Adrian Boult ya kaɗa shi a rediyo ran 9 ga Mayu, ran naɗi kuma aka kaɗa shi a majami'a lokacin shigowar Sarauniya Meri, mahaifiyar sarki.

Masu suka suka ce ai wannan Elgar ne aka tono, har suka yi masa ba'a da cewa shi ne na shida cikin macin Elgar guda biyar. Gaskiya ne ginin na Elgar ne, amma tubalin na Walton ne. Ku saurari farkonsa: ɗan gajeren bugu ne a bakin goge, ana maimaita shi ana nanatawa, yana matsowa kamar ayari da aka hango ƙurarsa tun daga nesa. Wajen minti biyu sai ya lafa, karin natsuwa ya shigo a bakin matsakaitan goge da abubuwan busa masu taushin murya, ba ya hawa da yawa, ba ya sauka da yawa, yana tafiya kai a miƙe irin ta mai ɗauke da kambi. Da ya komo a ƙarshe tare da ogan, sai ƙahoni su rufe da waɗansu dogayen muryoyi masu faɗi, ɗaya bisa ɗaya, kamar ana buɗe ƙofofin soraye. Ku tuna wannan shi ne naɗi na farko da aka watsa a rediyo daga cikin majami'a. Miliyoyin da ke saurare ba su ga kambi ba, ba su ga alkyabba ba, kiɗa ne ya zame musu ido.

Bayan shekara 16 aka sake neman Walton domin naɗin Sarauniya Elizabet ta 2, ran 2 ga Yuni, 1953. Ya sa wa wannan suna Orb and Sceptre, watau dunƙulen zinariya da sandar mulki, kayan nan biyu da sarki ke fitowa da su a hannu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Sarauniya 'yar shekara 27 ce, ƙasa ta fito daga yaƙi da ƙuncin abinci tana neman abin murna, biki kuma za a nuna shi a talabijin, mutum fiye da miliyan 20 suka kalla a Ingila kaɗai. Sai Walton ya buɗe da ƙahoni masu walƙiya, ya cika karin farko da tsalle-tsalle da bugun da ke faɗuwa inda ba a zata ba, irin na kiɗan rawa na zamaninsa. Duk da haka bai taɓa asalin ginin ba. Tsakiya na zuwa sai kome ya yi tsit, goge su ɗauko karin natsuwa kamar ana raɗa, su maimaita da ƙarfi kaɗan, a ajiye shi sai ƙarshe.

A naɗin nan akwai wani abin lura. Mai riƙe da sarautar makaɗan fada a lokacin shi ne Arnold Bax, shi ma ya yi nasa maci, nasa ne ma aka ba girman rakiyar fitowa. Bax ya rasu cikin Oktoba na shekarar, macinsa kuma ya kwanta, na Walton ne mutane suka riƙe. Naɗi na ba mutum muƙami, amma ba ya ba shi karin da zai zauna a zukata. Walton ya rasu a 1983 a tsibirin Iskiya na Italiya, shekara 40 kafin naɗi na gaba.

Tambayar da ba ta kauce mana

Mai karatu na iya cewa, Malam, ka yabi kiɗan nan, ka manta abin da aka yi shi don yabonsa? Ba mu manta ba. Baitukan da aka ɗora wa karin Elgar, waɗanda shahararriyar mawaƙiya Clara Butt ta rera a Landan cikin Yuni na 1902, roƙo ne a daɗa faɗaɗa iyakar mulkin Ingila. Wata takwas bayan haka, ran 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Lugga suka shiga Kano. Ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato, cikin Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi tare da jama'a masu yawa. Faɗaɗawar da ake rera wa waƙa a can, a kan kakanninmu ta sauka a nan. Ko babban lu'ulu'un da ke kan sandar mulkin tasu, daga ƙasar Afirka ta Kudu aka haƙo shi a 1905. Wanda ya ɓoye wannan don ya ji daɗin kiɗa ya zalunci tarihi.

Amma ku dubi abin da zamani ya yi da fahariyar. An naɗa Joji na 6 yana sarkin sarakunan Indiya, bayan shekara 10, a 1947, Indiya ta karɓi mulkin kanta. An naɗa Elizabet tana sarauniyar Nijeriya, bayan shekara 7, ran 1 ga Oktoba, 1960, aka sauke tutarsu a Ikko. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Su kansu mutanen Ingila yanzu gardama suke yi a kan baitukan. A 2020 BBC ta yi niyyar kaɗa karin ba tare da kalmomin ba a daren rufe taron kiɗansu na shekara shekara da ake kira Proms, aka yi ta cece-kuce, daga baya ta janye. Gardamar duka a kan kalmomi ce, ba wanda ya ce karin kansa ba shi da kyau.

Dalili kuwa, karin nan in aka tuɓe masa baituka aka saurare shi a karonsa na farko, sa'ad da yake tafiya murya ƙasa ƙasa, ba a jin barazana a cikinsa. Abin da ake ji ya fi kusa da begen wani abu mai wucewa. Ɗan kasuwa na gari yakan san halin mai saƙa, ya kuma san ingancin saƙar, ba ya bari ɗaya ya rufe masa ido daga ɗaya. Haka ya kamata mu yi: mu riƙe abin da ya faru a 1903 da hannu ɗaya, mu auna gwanintar mai kiɗa da ɗaya hannun. Sanin aikin gwani, ko na wace ƙasa ne, ba mubaya'a ba ce ga sarkinsa.

Naɗin 2023, da yadda za a saurara

Ran 6 ga Mayu, 2023 aka naɗa Sarki Charles na 3. Daular ta tafi, taron ma ya ragu zuwa mutum wajen 2,000. An sa gwanaye sun tsara sababbin kaɗe-kaɗe da waƙoƙi guda 12, cikinsu har da sabon maci na Patrick Doyle mutumin Sikotilan, wanda aka fi sani da yi wa majigi kiɗa. Amma tsofaffin ba su ba da wuri ba. Kafin a soma an kaɗa Crown Imperial na Walton, wanda shi ne kuma aka raka Yarima Wilyam da amaryarsa da shi a majami'ar nan a 2011. Da sarki ya tashi fitowa da kambi a ka, macin Elgar na huɗu, na 1907, shi ya yi masa rakiya, shi ne kuwa wanda ya rako shi daga coci ran aurensa na farko a 1981. Sarakuna huɗu sun wuce tun da ɗan mai kantin nan ya rubuta shi, na biyar ma ya bi su, kiɗan yana nan yana aikinsa.

Yau ba sai da garmaho da faifai ba, duk mai wayar hannu yana iya nemo waɗannan kaɗe-kaɗe da sunayensu. Shawararmu ita ce a zaɓi ɗaya, a fara da na Walton na 1937, a saurare shi sau uku a wuri marar hayaniya. A karo na farko a bi bugun da ƙafa kawai, a ji yadda ba ya yankewa daga farko har ƙarshe. A karo na biyu a yi jiran wurin da ƙara ke lafawa, a kama karin natsuwa a riƙe shi a ka kamar yadda almajiri ke riƙe darasinsa. A karo na uku a yi tsammanin komowarsa, a lura da yadda mai kiɗa ke jan rai yana jinkirta shi, da abin da zuciya ke ji sa'ad da ya iso gida. Bayan wannan a koma ga na Elgar na 1901, da na Walton na 1953, a ƙare da na 1911 mai duhu, za a ga uwa ɗaya ta haife su, amma kowanne da halin zamaninsa.

Abin da za a taras a cikinsu duka abu ne da dogaran fadojinmu suka daɗe da sani, su da ke cewa a taka sannu in sarki ya fito. Ƙaho kowa na iya busawa, ganga kuwa in ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Macin da suka dogara ga ƙara kaɗai sun mutu tare da bikin da aka yi su dominsa. Waɗanda suka rage su ne waɗanda masu su suka iya yin ƙasa da murya a tsakiyar taro, suka bar natsuwa ta yi magana.